Sif Mai Ƙofa Biyu: Inda Aikin Ya Kwana

'Yan uwa masu fama da ƙaramin sif, barkanmu da warhaka. Ga inda nawa aikin ya kwana.

Sif ɗina mai ƙofa biyu ne, faɗinsa ƙafa 4, tsayinsa ƙafa 6, a irin ciki da falon nan na Gwammaja da gado ya riga ya cinye rabin ɗaki. Babu wurin ajiye wani, dole shi ɗin ne zai ɗauki kayan. Abin da na lura da shi, kuma nake ganin shi ne ciwon yawancinmu, kafintoci kan raba sif biyu su ba wa sandar rataya ɓangare guda sukutum, alhali kayanmu na ninki ne. Atamfa, leshi, shadda, zani da ɗankwali, wanne ake ratayewa? Daga abaya sai dogayen riguna. Sai ki ga ɓangaren rataya fayau, ɓangaren ninki kuwa kanta uku kacal, kaya sun hau kan juna, in kin zaro na ƙasa na sama su rufto.

Don haka kafin in kira kafinta, kayan na fara aunawa da tef ɗin tela. Ɗinkakkiyar atamfa, riga da zani da ɗankwali, in na ninke ta yadda na saba, ba ta wuce inci 12 a tsawo da inci 10 a faɗi. Tsakanin kantocina kuwa tazarar ta kai inci 20. Na ce da shi, "Malam, a mayar min da su inci 10." Ya ce, "Hajiya, hannunki zai shiga kuwa?" Yana shiga sarai. Kanta uku suka koma shida, kowace tana ɗaukar jeri biyu gefe da gefe, kuma jerin bai yi tsayin da zai kife ba.

Filawud muka sayo a 'Yan Katako na Na'ibawa, mai kaurin nan da ba ya lanƙwasa, don leshi mai duwatsu nauyi gare shi. Ban yarda da MDF ba, wato allon nan da ake yi da matsattsen garin katako. Sif ɗina jingine yake da bangon da ke tsatsafo da danshi a watan Agusta, MDF kuwa da ya sha ruwa sai ya kumbura. Mun ma ɗan janye sif ɗin daga bangon saboda iska da kuma gara.

Abin da ya fi faranta min rai ƙarami ne: kowane ɗankwali yanzu a cikin zaninsa nake ninke shi, in juyo da bakin ninkin waje. Ina buɗe ƙofa zan ga zanen kowace atamfa, ba sai na birkita komai ana jirana a ƙofar gida za mu tafi suna ba. Turamen da ba a ɗinka ba, masu yadi 6 da na tara daga Kantin Kwari, sun koma akwatin lefe a saman sif, na lulluɓe shi da tsohon zanin gado saboda ƙurar hunturu.

Mayafai da hijabai na naɗe su a kwandunan roba na Ƙofar Wambai, na jera a ƙasan abayoyi, wurin da a da ba ya amfanin komai. A bayan ƙofa an kafa min ƙugiyoyi na jaka.

Don Allah masu yara, ku kula da kafur. Yana korar kyankyaso, amma guba ne in yaro ya haɗiya, kuma ba a son sa a kayan jarirai. Nawa a ƙyalle na ƙulle shi, na tura can kantar sama.

Saura kayan maigida. Babbar rigar da ta dawo daga bugu ba ta son matsi, ninkinta kuma ya fi na atamfa faɗi nesa ba kusa ba, ga huluna da ke lotsewa in an danne su. Ina tunanin sa masa doguwar kanta ɗaya a saman sandar rataya. Wadda ta riga ta gwada haka, ta faɗa min tazarar da ta bari.