Babin takaba da Yaya ta sa na sake

Littafin soyayya na yi niyyar rubutawa, irin waɗanda na taso ina ɓoyewa cikin kayen lissafi lokacin muna lakwal. A aji Faransanci aka koya mana. Karatun Hausa kuwa a littattafan Kano na koye shi, waɗanda ake ba da haya su zaga unguwa har bangonsu ya ɓalle. Da na samu salula mai ɗan dama sai na ce ni ma bari in taɓa. Labarin wata 'yar unguwar Birni a Damagaram ne da mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu, daga baya Allah ya haɗa ta da wani. Na buɗe zaure a WhatsApp, ina sakin shafi biyu kullum bayan Isha'i.

Babi huɗu na farko ban sha wuya ba. Na kashe mijin a babi na uku, na sa matar ta suma har sau biyu, hawayenta "kamar an buɗe famfo". Ni da ke Damagaram, inda famfo kan yi kwanaki bai ɗigo ba! A babi na biyar, ranar sadakar arba'in, na shigo da sabon masoyi cikin shadda da mota, ya tsaya a zaure ya ce yana sonta. Masu karatu suka yi ta zuba yabo.

Yayata ce ta kwance mini zani a kasuwa, ko da yake mu biyu ne a tsakar gida. Nata mijin ya rasu shekara biyu kafin nan. Ba ta yi boko ba, don haka ni ke karanta mata, tana tsinkar zogale. Ban kai ƙarshen shafin ba ta ɗago kai.

"Ke, wannan mutumin naki ba shi da manya ne? Mace na cikin takaba zai zo ya ce yana so?"

Na ce, "Ai labari ne, Yaya."

"To ba a garin nan aka yi shi ba."

Abin ya sosa mini rai, amma da gaskiyarta. Takaba wata huɗu ne da kwana goma, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara aya ta 234, mai ciki kuma sai ta haihu. Ba kwalli, ba lalle, ba turare. Aya ta 235 ta yarda da hannunka-mai-sanda, amma ta hana alkawari a ɓoye da ƙulla aure kafin wa'adi ya cika. Duk na san wannan tun islamiyya. Da na zo rubutu ne na bi abin da ido ya saba gani a fim.

Washegari na ajiye salula na tambaye ta abin da ya fi yi mata ciwo. Na zaci za ta ce ranar rasuwar. Ta ce a'a, ranar gida cike yake, wannan ya ce ya haƙuri, wancan ya ce ya ƙarin haƙuri, ba ta ma san inda kanta yake ba. Sai bayan sadakar bakwai, da aka naɗe tabarmi kowa ya kama gabansa. Ta ce ta fi wata tana auna shinkafa da rabonsa a ciki, sai ta sauke tukunya ta tuna. In magariba ta yi, babur ya rage gudu a bakin ƙofa, sai gabanta ya faɗi. Takalminsa na zuwa masallaci yana nan inda ya cire shi, ba wanda ya iya kawarwa, har ƙura ta rufe shi. Sannan ranar rabon gado, aka zo ana yi wa firji da katifa kuɗi a gabanta don a fitar mata da tumuninta. Ko ɗaya daga cikin waɗannan babu a littafina. Suma kawai na sani.

Na goge babi na biyar gaba ɗaya, na sake shi da abubuwan da Yaya ta faɗa mini, na ba masu karatu haƙuri. Mai shadda ya tafi da motarsa. A madadinsa na kawo wani baduku da ke ɗinkin fata a unguwar Zango, wanda shi ma matarsa ta rasu wajen haihuwa. Ba ya zuwa gidan, ba ya aike da magana. Lokacin bazara ne, ruwa ya yi tsada, sai ya riƙa biyan ɗan ga-ruwa yana ajiye jarka biyu a ƙofar gidan kowace safiya, ita kuma ba ta san mai biya ba. Babi goma sha ɗaya na yi ba wanda ya furta kalmar so.

Zauren ya kusa watsewa. Wata ta rubuto cewa ta biya jaka guda don soyayya, ba don zaman makoki ba. Kusan rabi suka fice, kuma ban ga laifinsu ba. Amma wata daga Magarya ta turo saƙon murya cikin dare, ta ce takalmin nan nata mijin ma haka ya zauna, daga nan muryarta ta sarƙe.

Akwai kuma wata dabara da na yi watsi da ita. Da na shirya a gano cewa mamacin yana da wata mace a ɓoye, don jarumar ta samu hujjar son wani. Na gane tsoro ne ya sa ni. Ba sai an ɓata mamaci kafin bazawara ta yi aure ba. Na bar shi mutumin kirki, na bar ta tana yi masa addu'a ko a ɗakin badukun.

Babin fita takaba ma sai da Yaya ta sa baki. Na rubuta jarumar ta yi wanka ta sha kwalliya tana murmushi. Yaya ta ce ita ranar ta ɗauki tandun kwalli, ta daɗe riƙe da shi a gaban madubi, ta rasa wa za ta yi wa. Haka na sa, ban canza ko kalma ba.

Daren da na karanta mata babin ƙarshe tana tsintar shinkafa, ta yi shiru har na zaci ba ta ji ba. Can, ba tare da ta ɗago daga faifan ba, ta ce, "Wannan badukun naki, a Zangon ta wajen ina yake?"