Godiya ga kakanninmu da duk wanda ya tsaya mana a taron Gwagwalada

Assalamu alaikum. Mu matan da ke fafutukar karatun 'ya'ya mata a nan Abuja muna miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu a taronmu na Ranar 'Ya Mace ta Duniya, 11 ga Oktoba. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Godiya ta farko ta kakanni ce, da suka yarda jikokinsu suka naɗi tarihinsu da waya. Malaman da suka tambayi yadda ake yi, ga shi. A fara neman izinin tsohuwa, a gaya mata wa da wa za su ji muryarta. A ajiye waya a kan matashi, kamar taƙi biyu daga bakinta, don in aka riƙe a hannu motsin yatsu ne zai danne maganar. A kashe fanka, a kauce wa lokacin da maƙwabta ke tayar da janareta. Kada zama ya wuce rabin awa, gara a koma washegari.

Abin da ya fi kashe hirar shi ne tambayar "a wace shekara?" Tsohuwa ba da lissafin boko take riƙe lokaci ba. Za ta ce ba ta sani ba, shi ke nan bakinta ya mutu. A ce mata: "Kaka, da aka kai ki ɗakin miji, fam da sule ake kashewa ko naira ta fito?" Naira 1973 ce, canjin hannun tuƙi 1972, rasuwar Janar Murtala 1976, shekarar da matan Arewa suka samu damar jefa ƙuri'a. Da waɗannan ɗaliba za ta fitar da shekarar da kanta. A tura wa malama kwafi a ranar, waya ba ta da amana.

Muna gode wa malaman da suka koyar da tarihin Nana Asma'u da jajis ɗinta na 'Yan Taru, wato matan da ta horar suna bin ƙauyuka suna koyar da mata, da na Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU. Amma darasin da ya fi ratsa yaran shi ne da aka zaga da takardar naira 20 aka ce su juya bayanta. Ladi Kwali ce, maginar tukwane daga Kwali, nan kusa da mu, wadda a 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau. Yawancinsu sun sha kashe takardar ba su san ko wace ce a jikinta ba.

Iyaye maza da suka zo da kansu, mun gani, mun gode. Roƙonmu gare ku: dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 a aji uku na ƙaramar sakandare ta tsaya, kuma a wannan gaɓar ce yara mata ke yawan zubewa. A fara tanadin kuɗin yunifom da littattafan babbar sakandare tun zangon farko na aji uku. Mai littattafan da 'yarsa ta gama da su, ya miƙa wa malamar ajinta, za su iso gare mu.