Na je na gano wa Baba tsohuwar Alkahira

Laraba, Hayyul Ashir, bayan sallar isha'i.

Ƙafafuna zugi suke yi, amma ba zan kwanta ba sai na rubuta wannan, kada gari ya waye rabin abin ya zube daga kaina.

Yau kwana huɗu da yi wa Baba aikin ido. Na hagun dama ya daɗe da mutuwa, na daman ne aka taɓa, likita kuma ya ce mako guda ba rana ba ƙura. Tun muna Katsina, tun kafin biza ta fito, abin da Baba yake ta nanatawa ba asibiti ba ne, Azhar ne. Shekara talatin da ɗoriya yana tafsiri a masallacin unguwarmu duk azumi, bai taɓa taka Masar ba. Ga shi Allah ya kawo shi, ya ɓige da zaman ɗaki da baƙin tabarau. Jiya da dare ya ce, "Uwata, ke ki je ki gano mini. Ki duba da kyau, kada ki dawo ki ce mini wai akwai kyau, shi ke nan." Sunan mahaifiyarsa gare ni, bai taɓa kirana da shi ba. Wani abokin ƙanena, ɗan Damagaram, ya ce zai wuni da shi, ya ɗiga masa magani a kan lokaci. Ƙanena kuwa, wanda shekararsa ta uku ke nan yana karatu a nan, shi ya sama mana gurbi a cikin ayarin wata mata mai zagayawa da baƙi.

Ƙarfe takwas da rabi muka haɗu a Babul Futuh. Mu tara ne: ni da ƙanena, wani magidanci ɗan Malesiya da matarsa da 'ya'yansu uku, sai wasu tsofaffin Turawa mata biyu. Jagorar tamu Bamisiriya ce, ta manyanta, tarihi ta karanta, ga murya kamar ta malamar firamare. Ta dafa dutsen ƙofar ta ce a 1087 aka gina ta, birnin kansa kuma Fatimiyawa suka kafa shi a 969. Na ɗaga kai ina kallon kaurin ginin, sai Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Guga suka faɗo mini a rai, da ganuwarmu ta ƙasa wadda damina ke ci, mutane ke ɗiba suna gini da ita. Su dutse suka samu, mu laka muka samu, na sani. Amma ba damina kaɗai ta cinye mana tamu ba, wannan ma na sani.

Kafin a fara tafiya sai da ta ciyar da mu. A wani lungu, a tsaye, gaban wani mai tura keken abinci. Ful ne, wato wani wake mai faɗi da ake kwana ana dafawa a cikin tukunya mai dogon wuya har ya yi luguf, a zuba mai da lemun tsami da gishiri. Sai ta'amiyya. Da na gutsura na dubi ƙanena, ya yi murmushi ya ce, "Na san abin da za ki ce, Yaya." Ƙosai ne. Ƙosai ne da aka niƙa da ganye har cikinsa ya zama kore, aka barbaɗa masa riɗi a baya. Gurasar da ake ci da shi kuma ƙanwar gurasar Kano ce, sai dai tana da dusa a jiki, tana da aljihu a ciki. Aish suke kiranta, kalmar da ke nufin rayuwa. Na ga wani yaro a kan keke ya ɗora faifan katako mai tsawo a ka, cike da ita, yana ratsa mutane da hannu ɗaya a kan kan keken, ko ɗaya ba ta faɗo ba.

Masallacin Sarki Alhakim yana manne da ganuwar. Fili ne fetal, fari tas, tattabaru na ta sauka. Ba mu daɗe ba. Abin da na riƙe daga nan shi ne labarin da jagorar ta ba mu cewa wannan sarkin ya taɓa hana mutanen Masar cin mulukiyya. Na tambayi ƙanena mece ce mulukiyya, ya ce in bari sai rana ta yi.

Daga nan muka miƙe kudu a kan titin Mu'izz, wanda bai fi kilomita ɗaya da 'yan kai ba daga wannan ƙofa zuwa waccan, amma ya cinye mana wuni. Kowane taku ashirin akwai abin da za a tsaya a kai. Akwai gidaje masu tagogin katako da aka sassaƙa da ƙananan huji, mace tana ciki tana kallon titi ba mai ganinta, iska kuma tana shiga. Akwai maƙeran tagulla suna ta ƙwanƙwasa. Na wuce su da sauri a nan don in kai ga abin da ya tsayar da ni.

A daidai inda titin ya rabu biyu akwai wani ɗan gini dogo, siriri, da ya tsaya a tsakiya. Sabil-kuttab na Abdurrahman Katkhuda, 1744. Ƙasa ɗaki ne mai manyan tagogi na ƙarfe, inda ake miƙo wa duk mai wucewa ruwan sha kyauta, ba a tambayar sunansa. Sama kuma, a kan ɗakin ruwan, makarantar allo ce ta yara, marayu musamman. Mai dukiya ya gina, ya yi waƙafin da zai riƙa biyan mai ɗebo ruwa da malamin. Muka hau matattakalar. Ɗakin saman ba shi da girma, buɗaɗɗe ne ta gefe uku, iska na kaɗawa, kana hango titin duka biyu. Na tsaya ina ƙiyasta yara nawa za su zauna a nan, ashirin ko talatin, muryarsu tana sauka kan masu shan ruwa a ƙasa. Zauren Baba ne ya dawo mini. Randa biyu ce a ƙofarsa tun ina yarinya, da moɗa ɗaure da igiya, almajirai kuma a ciki. Mu a gefe da gefe muka ajiye su, su suka ɗora ɗaya a kan ɗaya suka yi musu ado da tangaran shuɗi. Sai da ƙanena ya taɓa ni ya ce ayari ya yi gaba.

Bainal Ƙasraini sunan wurin da ke gaba, wato tsakanin fadoji biyu, ko da yake fadojin sun daɗe da shuɗewa. Gine-ginen sarakunan Mamluk ne a jere, kowanne na neman ya fi na kusa da shi tsawo. A ƙofar makarantar Sarki Nasir Muhammad jagorar ta juyo wajenmu, mu biyun, ta ce a zamanin wannan sarkin ne Mansa Musa na Mali ya yada zango a Alkahira a 1324 kan hanyarsa ta hajji, ya rabar da zinariya har darajarta ta faɗi a kasuwa. Na ji daɗi da ta tuna da mu.

Amma ginin mahaifinsa, Sarki Ƙalawun, shi ne ya karya mini zuciya. An fara shi a 1284, aka gama a shekarar da ta biyo. Abu uku ne a haɗe: makaranta, da ƙubbar da kabarinsa yake, da asibiti. Cikin ƙubbar akwai duhu-duhu, haske na shigowa ta gilasai masu launi yana sauka a kan marmara, ginshiƙan kuma mutum biyu ba za su rungume ɗaya ba. Turawan nan suka yi tsit. Ni kuwa hankalina na kan asibitin, wanda yanzu kango ne galibinsa. Ta ce kyauta ake duba kowa, bawa da ɗa, mai shi da marashi, kuma akwai sashen masu ciwon ido tun a wancan lokaci. Sannan ta nuna wani gini a gefe ta ce har yau asibitin ido ne ke aiki a wani ɓangare na filin. Shekara ɗari bakwai da wani abu ana kawo idanu wurin nan. Na tuna gonar da aka sayar kafin mu taso, da 'yan uwan da suka haɗa abin da suka haɗa, da waɗanda na bari a layin asibiti a gida waɗanda ba su da gonar sayarwa. Na juya baya na gyara mayafina don kada yaran Malesiyan nan su ga fuskata.

Kasuwar Khan Khalili ban ji daɗinta sosai ba. Kyau kam akwai, fitilu da turare da azurfa, amma kowa na jan ka. "Ya Hagga, Sudan?" In ce Nijeriya. Wani mai tasbaha ya faɗa mini kuɗi, da ƙanena ya buɗe baki da Larabcinsu na titi sai kuɗin ya koma kashi ɗaya cikin uku. Na saya wa Baba ɗaya, na fito.

Azahar ta same mu a Azhar, kamar yadda na roƙa tun da safe. Ta ƙofar da ake kira Ƙofar Wanzamai muka shiga, don a nan ake yi wa ɗalibai aski a da. Na cire takalmi, na taka farin daɓen tsakar masallacin, sanyinsa ya ratsa ni har ka. An fara ginin a 970, aka yi Juma'ar farko a cikinsa a azumin 972. Na ƙirga hasumiyoyin da nake iya gani daga inda nake, na lura da mai kai biyu ta Sarki Ghuri, don na san Baba zai tambaya. Bayan salla na zauna a gefe. Can wani malami ya jingina da ginshiƙi, ɗalibai sun kewaye shi, kowa da littafi a cinya, yana karantawa yana warwarewa. Ba kujera, ba allo. Daidai yadda ake ɗaukar karatu a zaure.

Jagorar ta yi bayanin ruwaƙai, wato sassan da aka ware wa ɗaliban kowace ƙasa su kwana su ci a ciki: na Magaribawa, na mutanen Sham, na Turkawa. Ta tsaya a nan. Ƙanena ya ce, cikin ladabi, akwai kuma na Barnawa. Ta ce haka ne, ta manta. Sai ya ƙara mata da cewa Imam Suyuɗi, wanda ya rayu a birnin nan ya rasu a 1505, ya taɓa aika wasiƙar nasiha ga sarakunan ƙasarmu, har da Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas. Ta ce wannan ba ta taɓa ji ba, ta ciro ɗan littafinta ta rubuta. Na dubi yaron nan da na goya, na ji wani abu ya cika mini ƙirji.

Abincin rana kushari ne: shinkafa da taliya da wani ɗan mitsitsin wake da suke kira adas, a zuba miyar tumatir, a watsa soyayyar albasa, kai kuma ka ƙara ruwan tafarnuwa mai tsami da yaji gwargwadon ƙarfinka. Ba nama ko tsoka ɗaya, amma yana riƙe ciki. Ɗan garau-garau ne da ya yi ilimi. Ƙanena ya ce shi ne abincin ɗalibai idan wata ya yi nisa. Daga nan ya sa aka kawo ƙaramin kwano na wata miya kore. Na ɗaga cokali, ta biyo shi tana yauƙi. Lalo. Mulukiyyar da sarki ya hana ashe lalo ce. Ba kanwa ba daddawa, da romon kaza suke yi su soya tafarnuwa su juye a kai, kuma da shinkafa suke ci, ba tuwo ba. Na sa aka ƙulla mini wata a roba. A wajen mai sayar da abin sha ma haka: karkade zoɓo ne, tamar hindi tsamiya ce, dom kuwa goruba ce aka jiƙa. Ban taɓa tunanin ana shan goruba a kofi ba.

Ƙarshen zagayen Babu Zuwaila ne, ƙofar kudu, 1092. A nan Turkawan Usmaniyya suka rataye Tuman Bay, sarkin Mamluk na ƙarshe, a 1517. Hasumiyoyi biyu ne a kanta, ana hawa. Turawan da matar ɗan Malesiyan suka ce sun gaji. Ni na hau. Matattakalar ƙunci gare ta, ga duhu, tana murɗawa, ta tuna mini ranar da aka kai mu hasumiyar Gobarau muna 'yan aji shida. Da na fito sama iska ta buge ni. Hasumiyoyi ko'ina, ba su ƙirguwa, rufin gidaje cike da tarkace da farantan tauraron ɗan'adam da akurkin tattabaru, can kuma a kan tudu ga ganuwar Salahuddin da masallacin Muhammad Ali. Ina nan tsaye aka fara kiran la'asar. Ba daga wuri ɗaya ba, wannan ya ɗauka, wancan ya karɓa, har suka cakuɗe. Na ciro waya, maimakon hoto sai na danna ɗaukar murya.

Mun iso gida ana magariba. Baba na zaune a kan darduma, ya ji motsin ƙofa ya ce, "Uwata ce?" Na ɗumama masa miyar, na ba shi da gurasa ban ce komai ba. Ya kai loma ɗaya, ya tsaya, ya ce, "Lalo a Masar?" Ya cinye tas.

Sannan na zauna na ba shi labari tun daga ƙofar farko. Bai bar ni na yi tsalle ba. Ginshiƙin da malamin ya jingina da shi, ta wane gefen alƙibla yake? Ɗaliban suna rubutu ko saurare kawai suke? Randar sabil ɗin a ƙasa take ko a binne? Wasu na amsa, wasu ƙanena ya cike. Da na zo kan asibitin Ƙalawun ya daɗe bai yi magana ba, sai ya yi wa mutumin addu'a. Na kunna masa kiran sallar da na ɗauka, ya sa na maimaita sau uku, ya karkata kunne yana ƙoƙarin raba muryoyin ladanan.

Daga baya ya ce, "Kabarin Suyuɗi fa?" Na ce ba ya cikin zagayen, yana can kudu, wajen Sayyida A'isha. Ya ce Jalalaini da ya yi shekara talatin yana karanta wa mutane, rabinsa aikin mutumin nan ne, ba zai bar garin ba bai yi masa sallama ba. Ƙanena ya ce Litinin za mu koma wajen likita, idan ya ba da izini Talata sai mu ɗauki mota tun da sassafe kafin ƙura ta tashi, mu fara da can mu ƙare a Azhar. Baba ya ce a'a, a fara da Azhar.

Sha ɗaya saura kwata. Saura ɗigo ɗaya na daren yau, na kwalba mai jan murfi.