Ramin da na haƙa da bazara shi ya cinye mini gwanda da kaka

Gwanda tara na dasa a bayan gidanmu a Zariya, biyu suka rage. Har yau idan na zagaya wajen na ga gurbin sauran bakwai ɗin, sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji, domin ba akuya ce ta ci su ba, ba gara ba, ba kuma fari ba. Da hannuna na haƙa musu abin da ya kashe su.

A watan Oktoba na 2023 na dasa su, suka sha hunturu lafiya. Da bazara ta kankama, wajen Maris zuwa Afrilu, rijiyarmu ta ja baya sosai, har sai an haɗa igiya biyu kafin guga ya taɓa ruwa. Sai na ɗauki fartanya na zagaye gindin kowace gwanda da rami mai faɗi kamar babban faranti, zurfinsa ya kai tsawon tafin hannu, na cika shi da kashin shanu da busasshiyar ciyawa. Bokiti ɗaya sai ya ishe ta kwana biyu. Lokacin da shukokin mutane ke yaushi, nawa kore shar. Na ji daɗin dabarar nan ƙwarai, duk wanda ya shigo gidan sai na kai shi ya gani.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu da ya shekara da shekaru yana lambu a fadamar Kubanni. Wata safiya a watan Yuni, bayan ruwa ya zauna, ya leƙo ta kan katanga muka gaisa, ya daɗe yana kallon gindin gwandar.

Ya ce, "Malam, rufe ramukan nan kafin marka. Gwanda ba ta son ƙafarta cikin ruwa."

Na ce, "To Baba, in sha Allahu zan rufe."

Ban rufe ba. Ba mantuwa ba ce ma, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Lissafi na yi: damina wata huɗu ce ko biyar, bayanta sai na sake haƙa, ga takin da na zuba ba na son in binne shi. Aikin da bai kai awa biyu ba na yi wa ƙyuya.

Marka ta zo a Agusta, ganyen ƙasa suka fara rawaya suna zubowa ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauka ruwa ne ya wanke takin, sai na sayo takin zamani mudu biyu na barbaɗa a cikin ramukan nan dai. Ashe tun lokacin saiwar ta fara ruɓewa, ni kuwa ina ɗura abinci ga wanda numfashi yake nema. Da na sa yatsa na tona gindin ɗaya a ranar, da na gani. Amma sama nake kallo, domin 'ya'ya sun jeru a wuyan kowace bishiya, wasu sun kai girman kan jariri, ina ta ƙirga su ina raba wa dangi a zuciyata.

A watan Satumba na 2024, cikin kwanakin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri, mu ma sama ba ta ɗaga mana ba. Ba na haɗa asarata da ta bayin Allah da suka rasa gidaje da 'yan'uwa, Allah Ya mayar musu da alheri; na ambata ne don a gane irin ruwan shekarar. Ana sa ran kaka ta shigo, gero ya nuna, sai ga ruwa dare da rana. Ƙasar bayan gidanmu ja ce a sama, amma ƙarƙashinta laka ce mai riƙe ruwa kamar tukunya. Ramukana tara, bakwai suka cika maƙil, suka kwana biyu a haka.

Rana ta uku da hantsi ya ɗaga, na fito na tarar da ganyen sun langaɓe kamar sun yi mako ba su sha ruwa ba, alhali suna tsaye cikinsa. Na dafa ɗaya da hannu don in duba, sai kawai ta tafi luu, ta kwanta da 'ya'yanta duka. Gindin ya yi laushi, saiwar ta yi baƙi-baƙi, tana wari irin na rogon da aka jiƙa aka manta. Kafin mako ya zagayo sauran shida sun bi ta. Na yi ta yanka magudana da shebur cikin ruwa, na kwashe taɓon da ke gindinsu, na tokare biyu da itace mai gwafa, amma ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga baya wani malamin gona ya warware mini abin dalla-dalla. Saiwa tana shaƙar iska daga 'yan kafofin da ke cikin ƙasa, idan ruwa ya cike kafofin sai ta shaƙe. Sannan akwai ƙwayoyin cuta masu kama da funfuna da ke kwance a ƙasa, jiƙa suke jira su bi ruwa su kama saiwar da ta raunana. Gwanda kuwa ba katako ne a jikinta ba, cikinta rami ne, saiwarta taushi gare ta, shi ya sa kwana ɗaya ko biyu cikin ruwa ya isa ya gama da ita. Ya ƙara da cewa takin da na tara a jikin kututturen ya riƙe danshi daidai inda ruɓa ke farawa. Gwaiba da lemun tsami da ke wannan filin, ruwa ɗaya suka sha da ita, ko gezau ba su yi ba.

Biyun da suka tsira, a kan wani ɗan tudu suke inda magina suka bar ragowar yashi da tsakuwa. Da bazara na kasa haƙa musu rami mai kyau saboda tsakuwar, har ina tausayinsu ina ƙara musu rabin bokiti. Su ne ƙanana a cikin tara ɗin, su ne kuma suke tsaye yau.

'Ya'yan da na kwaso daga bishiyoyin da suka faɗi sun haura sittin. Waɗanda suka fara tsaga rawaya a jiki, guda goma sha ɗaya, na naɗe su a takarda na sa ayaba nunanniya a tsakaninsu, suka nuna, ko da yake zaƙin bai kai ba. Sauran kore fatau ne, irin wannan ba ya nuna, yamushewa kawai yake yi. Uwargida ta ce, "Malam, kar ka zubar, a fere a dafa." Ta yi mana miya da su kamar kabewa, muka aika wa maƙwabta. Wanda zai fere ɗanyar gwanda da yawa ya shafa mai a hannu ko ya sa leda, domin farin ruwan nan nata ya ƙona mini tsakanin yatsu har kwana uku.

Gwaiba ce ta ɗan share mini hawaye a kakar, bishiya biyu suka yi 'ya'ya har rassa na taɓa ƙasa. Ita ma ruwan ya nuna mata hali. Wadda ta kusa nuna, in aka yi ruwa mai yawa sai ta tsage, ƙuda da tururuwa su shige. Kwandon farko da na tsinka da sassafe, jiƙe da raɓa da ruwan dare, na juye a buhu, washegari rabi ya yi tabo. Tun daga nan sai rana ta busar da bishiyar nake tsinka, in shanya a tabarma cikin inuwa, ba na tara su a kan juna. Ba na kuma jira ta yi laushi a sama, da ta fara haske nake cirewa, in ba haka ba jemagu su riga ni da dare.

Tsutsar cikin gwaiba kuwa, da ina jin ana cewa daga cikinta take fitowa. Ba haka ba ne. Wani ɗan ƙuda ne ke huda fatar ya saka ƙwai, tsutsar ta ci ta ƙoshi, gwaibar ta faɗo, ita kuma ta shige ƙasa ta rikiɗa ta fito ƙuda. Duk wadda ka bari a ƙasa, iri ka ajiye musu. Kullum da yamma ni da yara muke tsince waɗanda suka faɗi, mu ɗaure a baƙar leda mu ajiye a rana kwana da yawa kafin mu binne. Tsutsar ba ta ƙare ba, amma ta ragu yadda ake iya gutsura ba tare da fargaba ba. Kuɓewa da yakuwa da rama ba su ba ni wahala ba, suna kan kunya, ruwa ya bi kwari ya wuce. Abin da ya sa na kasa yi wa gwanda abin da na yi wa kuɓewa, shi ne har yanzu nake tambayar kaina.

Yanzu kafin in dasa komai sai na haƙa ɗan rami na cika shi da ruwa da yamma. In na wayi gari da saura a ciki, wurin ba na gwanda ba ne. Sababbin da na dasa, a kan tudu suke mai tsayin rabin ƙwauri, na gauraya ƙasar da yashi, kuma ban mayar da ko ɗaya cikin tsohon gurbi ba. Zoben ban-ruwa ina yin sa da bazara, amma nesa da kututture, taki ma haka. Ruwan farko na sauka nake rushe shi, ba na jiran na biyu. Ganye kuma in ya yi rawaya da damina, gindi nake fara tonawa kafin in taɓa buhun taki.

Gwandar farko da ta nuna a kan biyun nan, a watan Nuwamba, Baba na kai wa. Na shirya jin "ai na faɗa maka", bai faɗa ba. Ya yanka, ya ɗanɗana, ya miƙo mini rabi.

Ya ce, "Wannan iri ne mai kyau, Malam. Ɗebi 'ya'yan tsakiya, ka murje santsin da toka, ka shanya a inuwa."

Na ɗebo su a tafin hannu na kawo gida, uwargida ta ba ni faifai na shanya.