Tarihin Rayuwata (14): Aikin dare a gidan 'yan mazan jiya

Assalamu alaikum, masu bibiyar wannan labari. Makon jiya mun tsaya inda na ci jarrabawar zama mataimakiyar ma'aikatan jinya, na karɓi takardata. Dokar tarayyar Amurka ta ce sai mutum ya samu horo na aƙalla awa 75 kafin a ba shi takardar shaidar wannan aiki, wasu jihohin kuma sun ƙara a kan haka. Awa 75 ko mako biyu na cikakken aiki bai cika ba. Da wannan ɗan guzurin aka ɗauke ni aiki a wani gidan kula da 'yan mazan jiya, aka sa ni aikin dare, daga ƙarfe 11 zuwa 7 na safe.

Irin waɗannan gidaje kashi biyu ne a ƙasar. Akwai sama da 100 da ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, wadda kowa ke kira VA, take gudanarwa da kanta. Akwai kuma na gwamnatocin jihohi, waɗanda VA ke biyan wani kaso na kuɗin kowane tsoho a kullum, ta kuma aiko masu bincike shekara-shekara. Namu na jiha ne. Asalin abin ya koma ƙarshen yaƙin basasarsu, a 1865, lokacin da Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar kafa mafaka ga sojojin da yaƙi ya naƙasa. Har yau in ka shiga irin waɗannan wurare za ka tarar da tuta ko'ina, da hotunan mutanen suna samari cikin kaki, a manne a ƙofofin ɗakunansu.

Daren farko wata dattijuwar abokiyar aiki, wadda ta tsufa a wannan ɓangare, ta zaga da ni ɗaki-ɗaki. Ba ta buɗe fayil ko ɗaya ba. Wannan, in ji ta, ba ya barci sai ƙofa na buɗe yana hango hanyar fita. Wancan ba a tsaya masa ta baya. Na ƙarshen layi kuwa in jirgi mai saukar ungulu ya wuce ta saman gini, a je a zauna kusa da shi har ƙarar ta lafa. Na tambaye ta ina aka rubuta wannan duka. Ta nuna kanta da ɗan yatsa, ta ce, "Ƙanwata, a nan yake. Ke ma ki buɗe ido, don ranar da na tafi da shi zan tafi."

Mu biyu ne da dare a ɓangaren, sai nas guda mai raba magani, ga kuma maza kusan talatin, yawancinsu ba sa iya juyawa da kansu. Ƙa'ida ita ce duk wanda ke kwance a juya shi bayan kowace awa biyu, a canza masa kunzugu in ya jiƙe, a sa matashi a ɗaga dunduniyarsa kada ta taɓa katifa. In ba a yi ba, nauyin jiki yana danne jijiyoyin jini a inda ƙashi ya fito, a ƙugu da dunduniya da ƙasan gadon baya, fata ta yi ja, ta saluɓe, ta zama gyambon kwanciya wanda kan ci har ƙashi. Namiji ƙato ba ya juyuwa sai da mutum biyu. To ku lissafa da kanku: kafin mu kai ɗakin ƙarshe, lokacin na farko ya zagayo, ga ƙararrawa tana kaɗawa a ɗakuna uku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle daren da abokiyar aikina ba ta da lafiya aka rasa mai maye gurbinta.

A cikinsu akwai wanda kowa ke kira Sajan. Ya yi yaƙin Vietnam yana ɗan saurayi. Ciwon karkarwa, wato Parkinson, ya kama shi, gigin tsufa kuma ya fara shigarsa. Yana cikin waɗanda suka yi aiki a yankunan da aka fesa gubar kashe ciyayi da ake kira Agent Orange, wadda sojojin Amurka suka yi ta zubawa a dazukan ƙasar a shekarun 1960 har zuwa 1971. Sai a 2010 gwamnati ta sa Parkinson cikin cututtukan da ta yarda suna da alaƙa da wannan guba. Firgicin da ke bin mutum bayan yaƙi ma sai a 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa shi a kundinsu a matsayin ciwo mai zaman kansa. Kafin nan irin su Sajan sun dawo gida, sun yi aure, sun yi aiki, sun danne abin a ƙirji. Da mantuwa ta zo sai ta kwashe abin da suke dannewa da shi, ta bar musu yaƙin. Mutumin da bai san abin da ya ci da rana ba, da tsakar dare sai ka ji yana kiran abokansa da suna, yana ce musu su kwanta ƙasa.

Ga yadda ake tashin Sajan. A tsaya ta wajen ƙafafunsa inda hannunsa ba zai kai ba, a kunna ƙaramar fitila, a kira shi a hankali: "Sajan, ni ce. Lokacin juyi ya yi." Sai a jira har idonsa ya tsaya a kanka, ya ɗaga kai. Daga nan mutum ne mai sauƙin kai, har godiya yake yi. Abin bai wuce minti biyu ba, amma sai wanda ya sani.

Wani lokaci aka ba ni hutu, abokiyar aikina kuma aka ja ta wani ɓangare da ke da giɓi. Aka cike gurbinmu da ma'aikatan haya, waɗanda kamfanoni ke turowa, yau suna wannan gida gobe suna wancan. Ban ga laifin yarinyar da ta shiga ɗakinsa ba, domin babu wanda ya gaya mata komai. Ta dafa kafaɗarsa a cikin duhu, ya zabura ya damƙe mata wuyan hannu har ya yi shati. Aka rubuta a fayil cewa yana kai wa ma'aikata hari. Aka kira likita ta waya, aka sa masa maganin masu taɓin hankali don ya lafa.

Da na dawo ban gane shi ba. Yana zube a keken guragu, kai a sunkuye, yawu na zuba. Abinci ya daina wucewa sosai, ga shi da ma Parkinson na wahalar da haɗiya. Tun 2005 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi mai ƙarfi cewa irin waɗannan magunguna suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu ciwon mantuwa, dokar 1987 ta gyaran gidajen tsofaffi kuma ta hana a ɗaure mutum, da igiya ko da magani, don sauƙin ma'aikata. Duk wannan yana rubuce. Amma mutumin da ke barci dare da rana ba ya danna ƙararrawa, a ɓangaren da hannu ya yi kaɗan kuwa, wanda bai kira ba shi ake bari ƙarshe. Ina canza masa kunzugu na ga fatar ƙasan bayansa ta fashe.

Na kai maganar wa nas ɗin dare, ta rubuta. 'Yarsa kuma ta zo ziyara, ta durƙusa gabansa tana cewa, "Baba, ni ce, ɗago ka gan ni," bai ɗago ba. Ita ce ta tsaya tsayin daka sai an zauna taro a kansa, ta kuma nemi a kira waɗanda ke kwana da shi. Ba kasafai ake sa mataimaka a irin wannan zama ba, alhali mu ne muka fi kowa taɓa jikin mutumin. Na faɗi abin da na sani: ba faɗa gare shi ba, tsoro ne, ga kuma yadda ake tashinsa. Shugabar nas-nas ta goyi bayana, Allah ya saka mata. Aka riƙa rage maganin sannu a hankali har aka daina, aka rubuta yadda ake tashinsa a takarda aka manna a cikin ƙofar kabad ɗinsa. Ya dawo hayyacinsa gwargwado, ya koma gane 'yarsa. Gyambon ya ɗauki watanni kafin ya rufe, ƙafafun kuwa ba su sake ɗaukarsa ba.

A 2018 jaridun USA Today da Boston Globe suka bankaɗo cewa VA ta daɗe tana auna ingancin gidajenta a ɓoye, kuma cikin 133, guda 60 tauraro ɗaya suka samu daga cikin biyar a ma'aunin inganci. Ma'aikatar ta kare kanta da cewa mutanenta sun fi na gidaje masu zaman kansu rashin lafiya. Wannan gaskiya ne, na gani da idona: yankakkun ƙafafu, raunin laka, firgici, shaye-shayen da aka yi a baya don a samu barci. Sai dai a ganina wannan hujja ce ta a ƙara ma'aikata, a biya su abin da zai zaunar da su wuri ɗaya har su san mutanen da suke riƙe da su. Masu bincike kan zo su duba zafin firiji, da ranar lalacewar magani, da sa hannu a takardar juyi. Duk suna da amfani. Ban taɓa jin ɗayansu ya tambayi sau nawa fuskar da ke tashin tsoho da dare ta canza a wata ɗaya ba.

Ba na so ku ɗauka babu alheri a wurin. In ɗayansu ya rasu, ana lulluɓe gawar da tutar ƙasa, ma'aikata su jeru a baranda, waɗanda ke iya ɗaga hannu cikin tsofaffin su sara masa daga kan kekunansu, a fita da shi ta babbar ƙofa. Duk lokacin da aka yi haka sai na yi hawaye. Abin da ke ci mini rai shi ne a wannan ranar ba a rasa mutane a baranda, daren da yake kiran a kawo masa ruwa kuwa mu biyu ne.

Abin da ƙarancin hannu ke haifarwa duniya ta gan shi a 2020. A gidan sojoji na Holyoke da ke jihar Massachusetts, da korona ta shiga ma'aikata suka yi ƙaranci, sai aka haɗe ɓangarori biyu na masu ciwon mantuwa wuri guda, masu cutar da waɗanda ba ta kama ba. Aƙalla 'yan mazan jiya 76 suka rasu. A 2022 jihar ta amince ta biya diyyar dala miliyan 56. Mun ji labarin ne muna bakin aiki, muna kallon juna, domin kowa a cikinmu ya san yadda ake kaiwa ga irin wannan shawara.

Mu ma annobar ba ta tsallake ƙofarmu ba. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin ranar da aka rufe gidan aka hana iyalai shiga, da yadda 'yar Sajan ta riƙa zuwa bakin taga, da abin da ya sa abokiyar aikina ta ajiye aiki.