Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Layar da ke Ƙasan Akwati

Makon jiya mun tsaya a shekarun aikin bishara tsakanin ɗaliban manyan makarantun jihar Kaduna. Matasa da dama da aka ɗora wa shugabancin zumuntar ɗalibai Kirista sun roƙa a jingine labari tukuna, a bayyana yadda aikin kansa yake gudana. To wannan makon na aikin ne.

A fara da sanin wanda ake nema. Bishara ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Dokta Miller na mishan ɗin CMS ya zauna a Zariya tun 1905, mishan ɗin SIM ta buɗe tasha a Kwoi a 1910, an kafa ikilisiyar ECWA a Kagoro a 1954, zumuntar ɗalibai ta FCS kuma ta soma a Gindiri a 1957. Saboda haka ɗan Bajju ko Atyap ko Ham ko Adara da ya sauka a jami'ar ABU da ke Samaru, ko Kaduna Poly, ko jami'ar jiha ta KASU, ko kwalejin Gidan Waya, yawanci da sunan baftismarsa yake zuwa, ya kuma haddace rabin Littafin Waƙoƙi. Sai dai a ƙasan akwatinsa, ƙarƙashin gari da ƙuli-ƙuli, akwai wani ɗan ƙunshi da kaka ta ba shi daren tafiya don kada mayu su ci shi a birni. Wannan shi ne rukuni na farko. Rukuni na biyu su ne 'ya'yan Maguzawa na ƙauyukan wajen Ikara da Maƙarfi, waɗanda a wasu gidajensu har yanzu ana yanka wa kan gida, wato abin bautar gidan, ana kiran iskoki da suna. Na farko yana bukatar a taimake shi ya daina raba ƙafa. Na biyu yana bukatar a fara da shi tun daga tushe. Wanda ya haɗa su a darasi guda ya ɓata wa dukansu lokaci.

Kafin komai, izini. A yi rajistar ƙungiya a ofishin kula da harkokin ɗalibai, a san ɗakin da aka ba ku da lokacinsa, kada a wuce. Duk mai wa'azin da za a gayyato daga waje a gaya masa tun a waya cewa ya tsaya kan bangaskiyarsa, kada ya taɓa ta wani. Rikicin Kafanchan na watan Maris 1987 daga taron ɗalibai ya tashi a kwalejin horar da malamai, ya bazu har Zariya da Kaduna da Funtuwa. Wanda ya san wannan ba ya wasa da lasifika. Kalmar "arna" ma a cire ta daga baki, zagi ce. A ce masu addinin gargajiya.

Makonni biyu na rajista su ne ƙofar shekara. Baƙon ɗalibi bai damu da takardar wa'azi ba, damuwarsa inda zai ajiye katifa da layin da zai bi ya biya kuɗi. A raba tsofaffin ɗalibai bibbiyu, mata ga mata, maza ga maza, su ɗauki kaya, su nuna hanya, su karɓi lambar waya idan mai ita ya yarda. Daga nan a kafa ƙananan rukunai, mutum huɗu zuwa shida, sau ɗaya a mako, minti arba'in da biyar. Idan suka kai goma, mutum biyu ne za su riƙa magana, kuma ba wanda zai buɗe baki ya ce mafarki yana damunsa. Harshe ma abin dubawa ne. Babban taro da Turanci ake yi, amma tsoro da harshen gida yake zuwa. A ajiye Littafi Mai Tsarki na Hausa a kowane rukuni, inda kuma akwai Sabon Alkawari a harshen ɗalibin, kamar Jju ko Tyap ko Gbagyi, a nemo masa.

Bisharar Markus ta fi dacewa da farawa, sura ɗaya a mako, sura 16 ke nan, kusan tsawon zango guda. Gajeriya ce, kuma tun a surar farko tana magana kan abin da ke cin ɗalibin: aljanu da cuta da wanda ya fi ƙarfinsu. Kada jagora ya ce "ai waɗannan camfi ne". Ranar da ya faɗi haka, ɗalibin zai gyaɗa kai, ya ci gaba da zuwa sujada, amma batun laya ya rufe ke nan har ya gama makaranta.

Ita layar, a nan ake yawan kuskure. Akwai masu ɗoki da ke tara layu da guraye da kambuna a ƙona su gaban jama'a ana tafi, suna kafa hujja da abin da mutanen Afisa suka yi a Ayyukan Manzanni sura 19. Sun manta cewa mutanen Afisa da kansu suka kawo littattafansu. Idan matsin abokai ne ya sa yaro ya miƙa, cikin mako guda zazzaɓin cizon sauro zai kama shi kamar yadda yake kama kowa, sai ya ce ga sakamakon, ya aika gida a ɗinko wata, wannan karon a ɓoye. Abin da ya fi shi ne a jira shi ya kawo zancen. A tambaye shi wa ya ba shi, don me, me yake tsoron zai faru idan babu ita. A ba shi mako biyu ko uku. In ya yanke shawara, a yi a keɓe da shaidu biyu, ba hoto, ba ɗorawa a WhatsApp, sannan wani ya riƙa leƙa shi kullum na tsawon mako guda, musamman da dare.

Kuskure na biyu ya fi muni: mai da kowace cuta aljani. Farfaɗiya da sikila da taɓin hankali suna da magani. Wanda ya faɗi yana kumfa a juya shi ya kwanta ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, a kai shi asibitin makaranta. Wanda ya kwana uku ba barci yana jin muryoyi, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, cikin garin Kaduna. A yi addu'a a cikin mota. Haka nan duk wanda ya ce wa ɗalibi an nuna masa kakarsa ce mayyar da ta riƙe masa jarrabawa, a dakatar da shi daga hidima nan take. Irin wannan magana ta sa an kori tsofaffi daga gidajensu.

Amma ainihin gwajin yana can gida, lokacin hutu. A makaranta kowa jarumi ne. A ƙauye ne baffa zai miƙo ƙwaryar burkutu ya ce, "Ɗana, zuba wa kakanninka." Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka makonni uku na ƙarshen zango a ware su domin wannan. Kowa ya rubuta abin da zai tarar a gida, a rarraba su kashi uku. Na ɗaya al'ada ce kawai: durƙusa wa manya, gayya a gona, sadaki, sassaƙe da saiwa na maganin shawara, rawa a bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu ko Tuk Ham a Kwoi. Waɗannan ya shiga da ƙarfinsa, ya ma fi kowa. Na biyu bauta ce ƙarara: yanka wa kan gida, rantsuwa da dodo, zuwa wurin boka a duba wanda ya kashe mamaci. Na uku shi ne mai wuya, kuma nan ya kamata a daɗe: naman da aka dafa a bikin da aka buɗe da tsafi, ko karo-karon jana'iza da ba a san kashin da zai tafi wurin boka ba. A karanta 1 Korintiyawa sura 8 da 10 tare. Ikilisiyoyi ma ba bakinsu ɗaya ba a kan wannan, saboda haka kada jagoran ɗalibai ɗan shekara ashirin da biyu ya yanke hukunci shi kaɗai, a tura yaron ga dattawan ikilisiyar garinsu.

Sannan a gwada maganar a baki, wani ya zama baffa, wani ɗa. Amsar da ke aiki gajeriya ce, a tsugune ake ba da ita, kuma ba a gaban taro ba: "Baba, ku yi haƙuri, wannan ɗaya ba zan iya ba, amma duk aikin da ke akwai ku sa ni." Sai ya tashi ya ɗebo ruwa, ya faskara itace, ya haƙa kabari in ana haƙa. Iyaye suna lura da wanda ya dawo da girman kai fiye da wanda ya dawo da sabon addini.

Ɗan Bamaguje da mahaifinsa ke sayar da masara da barkono yana biya masa kuɗin makaranta, kada a gaggauta masa baftisma. Ya gama ajin baftisma, ya sanar da gida da bakinsa, a haɗa shi da ikilisiyar Masihiyawa, wato Hausawa Kirista, mafi kusa da ƙauyensu. Kada kuma a taɓa haɗa taimakon kuɗi da tuba. Wanda za a taimaka wa a taimaka masa ko ya zo zumunta ko bai zo ba.

Kafin motoci su tashi daga tashar mota ta Television da ke Kaduna, kowane ɗalibi ya tafi da sunan mutum ɗaya da zai kira shi sau biyu a mako, da sunan fasto ko mai bishara na kusa da gidansu. Makon farko na dawowa kuma ba a buɗe sabon darasi, tambaya ɗaya ake zagayawa da ita: yaya aka baro gida?

Mako mai zuwa za mu ɗauki batun ɗalibai mata, da abin da ke biyo baya idan an riga an karɓi sadaki a gida.