Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Daƙiƙa Biyun da Suka Hana Ni Barci

Makon jiya mun tsaya inda wani furodusa ya tare ni a bayan labule, ya ce yana son kiɗan buɗe sabon shirinsa na talabijin. Na amsa tun bai rufe baki ba.

Shekara tara ina kaɗa fiyano a gefen dandamalin wasan kwaikwayo, kuma a can ɗan wasa ne agogona. Idan ya ja numfashi kafin ya yi magana, in jira shi. Idan jaruma ta makara wajen sauya kaya, in yi ta maimaita gaɓa ɗaya har ta fito, 'yan kallo ba su san an yi ba. Ranar da muryar mawaƙi ta dushe, in sauke masa waƙar ƙasa kaɗan, ko kallona ba sai ya yi ba. Madannai 88 ne a gabana, farare 52, baƙaƙe 36, amma rabin aikin da ido nake yin sa.

Da wannan taƙamar na shiga situdiyo. Daƙiƙa 30 aka ce ana so. Na tsara gaɓa 16, kowace bugu huɗu, bugu 64 ke nan, a saurin bugu 120 cikin minti. Ni dai a kunnena ya zauna daram.

Editan, wani dattijo marar yawan magana, ya ɗora shi a kan hoto. Sunan shirin ya fito ya ɓace, kiɗana bai sauka ba.

"Ɗana, naka 32 ne," in ji shi.

"Baba, a ɗan ja hoton mana."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Nan hoto ba ya jiran kowa. Kowace daƙiƙa hoto 25 ce, ina binka bashin 50."

Haushi ya kama ni, don har yau ina ganin saurin farko ya fi daɗi. Daren nan na kwana ina lissafi kamar ɗan makaranta. In yanke gaɓa ɗaya, kiɗan ya gurgunce. Can wajen asuba na gano bakin zaren: in kai saurin 128, bugu 64 zai cika daƙiƙa 30 cif.

Da safe aka sa mini abin ji a kunne, na'ura tana ƙirga mini ƙas, ƙas, ƙas. Sau goma sha ɗaya ina kuskurewa, yatsuna suna neman wanda za su jira.

Abin da furodusan ya ce da ya ji na sha biyun, sai mako mai zuwa.